Yaron da ya ce shi kalangu ko a fasa

Salamu alaikum Kawu, da fatan kana lafiya, ya iyali. Ni malami ne a wata ƙaramar sakandare a nan Zariya, Hausa nake koyarwa, shekara biyu ke nan firinsifal ya ɗora min kulob ɗin al'adu wai tunda ni ne na Hausa, alhali ban gaji kiɗa ba, ɗan abin da na iya a wajen wani maƙwabcinmu na tsinta ina yaro. Yara 11 ne masu kiɗa, maza 7 mata 4, kayanmu kalangu ɗaya, kuntuku ɗaya, wato 'yar gangar da ke raka kalangu, ganga biyu, kazagi mai raka ganga, ƙore uku, sai tsofaffin badujalar fareti. Akwai wani yaro ɗan shekara 13, gidansu makaɗa ne, wallahi in ya rataya kalangu sai ka rantse babba ne, shi ke ja mana komai. Ranar rabon kyaututtuka da ta wuce zazzaɓi ya kwantar da shi, muka fita gaban iyaye da baƙi babu wanda ya iya ɗaukar kalangun, har ƙaramin da ke riƙe kuntuku tun farko bai taɓa fashi ba ya tsaya yana kallona, 'yan rawa suka yi cirko-cirko, na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Da aka dawo hutu na ce kowa zai riƙa zagayawa kan kowane abin kiɗa, yaron nan ya ce shi kalangu ko a fasa, na miƙa masa kuntuku ya ajiye ya fita, washegari babansa ya zo ya ce ɗansa ba ɗan kuntuku ba ne, in ba a so a sallamo masa abinsa. Ga 27 ga Mayu na tafe za mu fita Ranar Yara, wata uku ya rage. In na ƙyale shi sauran ba za su koya ba, in na matsa ya tafi ba mu da makaɗi. Don Allah Kawu ya zan yi?

Wa alaikumus salam Malam, iyali lafiya lau alhamdulillahi. Sau biyu na karanta wasiƙarka, na farko sai da na yi dariya don na hango 'yan rawan nan tsaye kamar zakaru, ka yi min haƙuri, na biyu kuma ban yi dariya ba saboda wani layi guda da ka rubuta ka wuce kamar ba komai, zan dawo kansa.

Bari in fara da kai kafin in zo kan yaro da ubansa, don gaskiya rabin rigimar nan kai ka ƙulla ta ba tare da ka sani ba. Shekara biyu ka bar yaro ɗaya a kan kalangu, shi ne a gaba, shi ake yi wa liƙi, shi ake ɗauka a waya ana ɗorawa a sitatus, sauran goma suna bayansa kamar 'yan rakiyar amarya, to me kake so yara su fahimta? Sun fahimci kalangu karagar sarki ce kuntuku kuma tabarmar bakin zaure. Sannan rana ɗaya, kana cikin jin zafin kunyar da ka sha, ka cire masa kalangu a gaban abokansa ka miƙa masa kuntuku, ai ko ni ne a shekara 13 abin da zan ɗauka shi ne horo ake min don na yi zazzaɓi. Niyyarka kam mai kyau ce, ranar da ka zaɓa da yadda ka yi ne suka ɓata lamarin.

Ni da kake gani kuntuku na fara riƙewa. Shekara uku cur ina bin wani makaɗin kalangu gidajen biki a garinmu, ni ne ɗaukar kaya, ni ne hura wutar kara a ɗan gasa fata in sanyin dare ya sa ta saki, kuma a shekara ukun nan ban taɓa kalangu a gaban mutane ba ko sau ɗaya, in na yi gaggawa ko na ja baya maigidan nawa ko juyowa ba ya yi, makaɗin nan mai lanƙwasa, wato sandar kiɗa, kawai zan ji a ƙeya. Ban ce ka yi haka ba fa, dukan bai ƙara min komai ba sai tsoro, amma zaman nan a bayan kiɗa shi ya ba ni kunne. Kuntuku murya ɗaya gare shi, ba ya hawa ba ya sauka, abu guda kake nanatawa daga farkon kiɗa har ƙarshensa, shi ya sa yara ke raina shi, to amma shi ne ƙasar da kalangu ke takawa. Mai kalangu yana da damar ya yi magana, ya yi wa wani take, ya tsaya cak, ya yi kwana, ya bar gurbi ya dawo, duk don ya san akwai wanda ya riƙe masa a baya, kuma in ka zuba wa ƙafar mai rawa ido za ka ga ba surutun kalangu take bi ba, wannan ƙaramin mai nacin take bi. Yaron da bai taɓa zama a wurin nan ba kansa kawai yake ji, in ya yi sauri sai ya ɗauka sauran ne suka yi nawa. Ka gwada ka gani, wata rana ka ɗauki rihazal ɗinku a waya ka saurara da dare kai kaɗai, ina kyautata zaton za ka ji gwanin naka yana fizgar kiɗa gaba duk sanda ya shiga gwaninta, mai kuntuku kuma yana ta jan linzami ba wanda ya gode masa.

Uban yaro kuwa, kar ka kuskura ka aika masa takarda ko ka kira shi ofis. Ka je gidansa da kanka bayan la'asar, ka riƙe ɗan goro, ka tsuguna ka gaishe shi yadda ya kamata, kada ka kawo zancen taimtebul ko dokar makaranta, tambaya ɗaya za ka yi masa: Baba, kai da kake tasowa da wanne ka fara? Na tabbata ba zai ce kalangu ba, don a gidajen makaɗa ba a ɗauko yaro a ɗora shi a gaba, da ƙananan kaya ake farawa, kuntuku ko ɗan karɓi in gidan kalangu ne, kazagi in gidan gangar noma ne, ga amshi ga ɗaukar kaya. Shi ma ya san wannan fiye da ni da kai. Abin da ya ƙona masa rai shi ne wanda bai gada ba, shigege kamar yadda suke cewa, shi ya sauke ɗansa daga kan sana'ar kakanninsa a gaban 'ya'yan mutane, kuma ka san yadda ake kallon makaɗa a ƙasar nan, ana son kiɗansu ana raina su, to mutum ya samu wuri guda da ɗansa ke gaba da ɗan kowa a makarantar boko sai ga shi an ce ya koma baya. In ka fahimci wannan ba za ka ji haushinsa ba. Ka ce masa Baba ni ban iya ba, ɗorawa aka yi min, ka zo ka duba mana kayan nan ka ga ɗaurinsu, ka nuna wa yaran yadda ake yi a gidanku ko sau biyu ne kafin Mayu, kuma ka samu firinsifal a fitar masa da ɗan abin sallama, kar a sa shi aikin banza. Ranar da uban nan ya zo ya ɗauki kalangu da kansa, wa kake jin zai miƙa wa kuntuku? Ɗansa mana, kuma ba za ka ji ko tari ba.

In hira ta yi daɗi ka tuna masa Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, duk wanda ya san kiɗan fada ya san shi da kotso, amma gidansu da kiɗan noma aka san su, a bayan mahaifinsa ya taso yana amshi, bayan nan ya zauna ƙarƙashin yayansa Kurna kafin ya ja tasa ƙungiyar. Mutumin da sarakuna suka riƙa ji da shi ke nan, daga gona ya zo fada, daga baya ya zo gaba. Kai kuma da ke ta cewa ban gada ba ban gada ba, ka daina, Mamman Shata ma bai gaji waƙa ba, mahaifinsa bai ma so ba, kuma har ya koma ga Allah a 1999 makaɗan kalangu ne ke bin bayansa. Ba lallai ka fi yara iya bugu ba kafin ka iya shirya su.

To sai aikin cikin aji. Wannan tsari naka na kowa ya zagaya kan komai ka jingine shi, in ka ce yara 11 su bi ta kan kaya bakwai ko takwas kowane sati to ranar 27 ga Mayu za ka fita da mutum 11 kowa ya iya rabin komai ba wanda ya iya guda, kunya ta biyu ke nan. Kiɗan za ka riƙa sauyawa, shi zai sauya musu wurin zama da kansa. Ai kayan da ka lissafa min ba na kiɗa ɗaya ba ne, gida-gida ne, kai ne ka tara su duka ƙarƙashin kalangu. Kalangu da kuntuku gidansu ɗaya, kiɗan mahauta da 'yan dambe da 'yan matan dandali. Ganga da kazagi na manoma ne, kiɗan gayya, in za ka iya aro kurya, wata ƙaramar ganga, ka haɗa ma ya fi. Ƙore na amada ne, kiɗan mata a cikin gida ranar biki ko suna. Badujala kuma ta fareti. Ka shirya kiɗa uku gajeru ban da faretin, kowanne da nasa jagoran daban, gwaninka ya ja na kalangu ba wanda ya taɓa masa, amma in aka shiga kiɗan noma babu kalangu a ciki balle ya ce an ƙwace masa, wani ne zai rataya babbar ganga shi kuma kazagi ya rage ko amshi. Ka ga a nan ba kai ka sauke shi ba, kiɗa ne ya sauya, rawa kuwa ka san abin da aka ce. Kowane yaro ya zama yana da abin kiɗansa na gida wanda ya ƙware a kai, da wasu biyu da zai iya riƙewa ba tare da ya zubar ba, wannan ya ishe ka a wata uku, kuma kowane wuri ya zama mutum biyu sun san shi, musamman kalangu.

Amfanin wannan ba don gudun zazzaɓi kawai ba ne, kowane abin kiɗa akwai abin da yake saka wa yaro a hannu wanda ɗan'uwansa ba ya sakawa. Kalangu aikin ya rabu biyu, dama na bugu da makaɗi, hagu da hammata suna matse tsarkiya suna saki don murya ta hau ko ta sauka, to yaron da ya shekara biyar a haka damansa ta yi wayo hagunsa kuma ba ta san bugu ba sam. Ka ba shi kazagi mai 'yan bulalai biyu ka ga yadda hagun za ta riƙa ɗingishi, zai ji haushi, ka bar shi ya ji, nan ne karatunsa yake. Ƙaramar badujala mai sanda biyu ma haka, ga ta kuma da koyar da tsayuwa a kan ƙa'ida, hagu dama hagu dama ba ƙari ba ragi, ba wurin gwaninta ko kaɗan saboda ƙafar ɗalibai ɗari na kanka. Babbar ganga tana koya wa yaro haƙuri da barin fili, bugu kaɗan ne amma kowanne in ya faɗi ba daidai ba kowa sai ya ji. Ƙwarya kuwa sauƙin hannu take koyarwa, in ka dake ta da ƙarfi ko ta fashe ko ta yi ƙarar banza, balle wadda ake kifawa a kan ruwa, tana da wata murya mai zurfi da sai an lallaɓa take fita. Da kuna da kotso da na ce a sa shi ma, don shi da yatsu ake yinsa ba makaɗi, amma kar ka je neman abin da ba ka da shi.

Wani abu kuma da na ga malaman makaranta na tsallakewa, baki kafin hannu. Duk abin da yaro bai iya faɗa da bakinsa ba kar ka ba shi makaɗi. Ka ƙirƙiro wa kowane sashe 'yar jimla da yara za su riƙe, ta kuntuku misali su yi ta cewa tuwo da miya, tuwo da miya, ta babbar ganga ɗan wake, sai shiru, ɗan wake, ko duk abin da ya hau kiɗan naku, sai ka raba su gida uku kowa na faɗin nasa lokaci guda suna taka ƙafa, can ka tafa su yi musaya, masu tuwo su koma ɗan wake. Minti goma na farkon kowane rihazal a yi wannan ba a taɓa kaya ba. Za su yi ta dariya, ka bar su, a cikin dariyar nan kowane yaro ya haddace sashen kowa, ranar da wani bai zo ba wanda zai maye gurbinsa abin na kansa tuni, hannu kawai ya rage.

Ga kalangu kuwa maganar baki ta ma fi ƙarfi, tunda shi magana yake yi, hawa da saukar muryar Hausa yake kwaikwaya, take ai kalmomi ne wanda ya san su ke ji. Kai malamin Hausa ne, nan ka fi uban yaron ma abin faɗa, karin sautin da kake koyarwa a aji ga shi a rataye a kafaɗa. Ka ɗauki kalmar baba. Baba na uba murya daga ƙasa take tashi sama, Baba ta mace, uwa ko goggo, daga sama take faɗowa ƙasa, baba na rini kuma duka biyun a sama suke. Ka sa yaro ya fitar da ukun nan a kalangu sauran su juya baya su faɗi wanne ya kira, saki sannan matsa, matsa sannan saki, matsa ka riƙe. Daga nan a koma sunayen 'yan aji, kowa ya ji an kira sunansa ya ɗaga hannu. Wasa ne, amma wanda ya iya wannan ya kama bakin zaren kalangu, kuma a nan za ka gane su waye biyun da za ka ɗora a bayan gwaninka, ba lallai masu ƙarfin hannu ba, masu kunne.

Akwai wasanni biyu da nake so ka riƙa yi in sun ɗauki kaya. Na farko ana cikin kiɗa ka nuna yaro ɗaya da yatsa ya ɗauke hannu, sauran su ci gaba kamar ba abin da ya faru, can ka sake nuna shi ya faɗo daidai inda ya kamata. Ka fi yawan nuna mai kalangu, don yaran su saba da jin kiɗa ba shi, abin da ya kashe ku ranar nan ke nan, ba su taɓa jin kansu ba sai a ƙarƙashin inuwarsa. Wata rana kuma ka ɗauke kuntuku da kazagi ka bar gwanin shi kaɗai da 'yan rawa, kar ka ce komai, shi da kansa zai ji yadda ƙasa ta zame masa. Na biyu shi ne biyu a kan uku, ku ƙirga ɗaya zuwa shida kuna maimaitawa, rabin yara su tafa a 1 da 4, rabi su tafa a 1 da 3 da 5, in ya zauna a daina ƙirgawa, in ya ƙara zama kowane yaro ya gwada shi kaɗai a kan cinya, hannu ɗaya na biyu ɗaya na uku. Kiɗanmu da yawa a kan wannan saƙar suke zaune, yaron da ya ji ta a jikinsa ba ya ruɗewa don na kusa da shi na buga abin da ya saɓa da nasa.

Kuma kowa ya yi amshi yana kiɗa, kowa kuma ya shiga fili ya taka ko sau ɗaya a sati, har da gwanin. Makaɗin da bai taɓa rawa ba bai san wahalar da yake ba mutane ba.

Yanzu ga dabarar da nake ganin za ta fi yi maka aiki a kan yaron, ka kira shi gefe, ba a gaban kowa ba, ka fara da ba shi haƙuri kan yadda ka yi masa, eh malami na ba ɗalibi haƙuri ba abin da zai ragu a jikinka, sannan ka ce masa kana so ya koya wa mutum biyu kalangu saboda kai ba ka kai shi iyawa ba, wanda gaskiya ce. Ka naɗa shi, ka ba abin suna in kana so, yara na son muƙami. To mai koyon kalangu dole sai an riƙe masa lokaci, in ba haka ba ya yi ta tangaɗi, kuma malamin ba zai iya tsayawa hannu rabbana yana kallo ba, da kansa zai jawo kuntukun nan ya ce bi ni. Sai dai ka sa ido, yaran da abu ya zo musu da sauƙi ba su cika haƙuri da mai jinkiri ba, in ka ji ya fara kai wane irin daƙiƙi ne ka taka masa birki nan take. In ya nutsu wata rana ka faɗa masa abin da ke gabansa, biki yanzu fiyano da dije sun cinye rabin kasuwar makaɗa, masu sitidiyo in sun kira mai kiɗan gargajiya so suke mutum ɗaya ya zuba musu kala uku su biya kuɗin mutum ɗaya, ƙungiyoyin al'adu na jiha ma in za a tafi gasa irin NAFEST, bikin al'adu na ƙasa, kujerun mota ƙidayayyu ne, wanda ya iya abu uku ake fara rubutawa. In da hali ka kai su Kano Gidan Ɗan Hausa su ga 'yan koroso, su ga yadda kiɗa da sarewa da kacau-kacau ɗin ƙafar masu rawa ke shiga juna ba wanda ke jiran wani tauraro.

'Yan matan nan huɗu, na san ƙore ka ba su ka huta. A rihazal ka bar su su taɓa kuntuku da kazagi da ƙaramar badujala, sau da yawa ma sun fi mazan riƙe lokaci saboda gaɗa da tafi da suka taso da su, amma ka fara jin ta bakin iyayensu kafin ka fitar da yarinya gaban jama'a da ganga a wuya, kar ka gyara wata rigima ka ɓallo wata. Mazan kuma za su ce ƙwarya kiɗan mata ne, ka ce musu eh na mata ne, kuma da shi Barmani Choge ta Funtuwa ta cika fage har ta rasu a 2013, wanda ya raina ya zauna ya fitar da abin da matan nan ke fitarwa mu gani. A aji kowa ya koya, ranar fita kuwa ban ce ka tilasta wa namiji zama gaban ƙwarya ba in zai zame masa abin tsokana a unguwa, ba kowane yaƙi ake yi rana ɗaya ba.

Kaya kuma, kalangu ɗaya ba zai yi ba gaskiya, sauran ana iya maye su da bokiti da gwangwani da bencin aji, amma matsi da saki sai a jikin kalangu, ka kai kuka taron iyaye da malamai a sayo na biyu ko ƙarami ne, uban yaron nan shi ya san inda ake sassaƙa da inda ake ɗauri, ka ga wata hanyar jawo shi ke nan. Ka kuma tuna ƙarshen Mayu a Zariya ruwa ya sauka, fata na shan danshi ta saki, kar a bar kaya a ƙasan sito, a rataye su, ɓeraye ma na son tsarkiya kamar kilishi, ranar fita a shanya su a rana da safe in ta fito, in ba ta fito ba a tanadi kara da ashana. Rihazal sau biyu a sati minti 40 ya isa in ba a fashi, wata biyun farko a yi ta musaya, watan ƙarshe kowa ya zauna inda zai tsaya ranar, ban da sau ɗaya a sati da za ka ce yau wane ba shi da lafiya, ka zaunar da shi a benci a yi ba shi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In kuma duk ka yi wannan uban ya ƙi yaron ya ƙi, to ka bar shi ya tafi, kar ka kore shi kar ka roƙe shi, ka ce ƙofa a buɗe take. Ku fita da kiɗan noma da amada da fareti, ba wanda zai tsayar da ku ya ce ina kalangu. Ni dai ban jin zai jure jin kiɗa na tashi a bayan aji yana zaune.

Sai layin da na ce zan dawo kansa. Ka rubuta min cewa akwai ƙaramin da ke riƙe kuntuku tun farko bai taɓa fashi ba, ka wuce, ko shekarunsa ba ka faɗa min ba, alhali na gwanin har gidansu ka ba ni labari. Malam, yaron nan shekara biyu yana zuwa, yana buga abu guda, ba liƙi ba hoto, kuma ranar da ka so hukunta wani ko ka gyara wani, abin hannun yaron nan ka ɗauka ka miƙa, aka ajiye shi a ƙasa aka fita, washegari babba ya zo har makaranta ya ce ɗansa ya fi ƙarfin wannan abin, kana jin labari bai kai kunnensa ba? Ranar rabon kyaututtukan da ya tsaya yana kallonka, ni ina ganin jira yake ka ce ɗauka, don wanda ya shekara biyu a gindin kalangu duk wani kwana da take na kiɗan nan yana kansa, ka tambaye shi ya yi maka da baki ka sha mamaki. Cikin biyun da za a koya wa kalangu shi ne na farko, kafin ma ka je gidan makaɗan. Gobe in an tashi ka tsayar da shi, ka rataya masa kalangun, in maratayin ya yi masa tsawo ka ƙulle shi daga baya, ka ce ya kira maka Baba na uba.